Ɗan ƙwaro fari mai ɗigon ja da baƙi da ke tashi da rana: mene ne shi, kuma me yake ci?

"Assalamu alaikum, Malam. Ina da gonar wake a wajen Gumel. A gefenta akwai saura da ba a noma bana ba, da wani ɗan gangare inda ruwa ke kwanciya da damina. Tun farkon watan Oktoba nake ganin wani ɗan ƙwaro mai fukafukai, fari, an yayyafa masa ɗigo ja da baƙi kamar zanen atamfa. Da rana tsaka yake tashi. In ka taka ciyawa sai ya tashi, ya yi ɗan nisa, ya sake sauka ya naɗe fukafukansa a jikin kara. Yarana sun ce malam-buɗe-littafi ne, maƙwabcina kuwa ya ce shi ne uwar tsutsar wake, in yi feshi tun da wuri. Mene ne gaskiyar abin, kuma me yake ci?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya sa a kwashe waken lafiya. Na ji daɗi da ka tsaya ka ƙare wa ƙwaron kallo kafin ka goya famfon feshi. Launinsa da ka faɗa, da lokacin tashinsa, da yadda yake zama a jikin kara, da irin wurin da ka same shi, sun isa a yi magana mai ƙarfi a kansa ko da babu hoto. Kana son sanin sunansa, da inda yake samun abinci, da ko wakenka na cikin abincin.

Bari in fara da abin da ya fi tsaya maka a rai. Wannan ƙwaro ba shi ne uwar tsutsar wake ba, kuma feshi dominsa zubar da kuɗi ne. Yaran ma ba su dace ba, ko da yake sun yi kusa. Faɗa-wuta ne, daga wani gida da masana ƙwari ke kira Utetheisa, kuma wanda na fi zato a cikinsu shi ne Utetheisa pulchella. Masanin halittu ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya rubuta shi a 1758, kuma kalmar pulchella a Latin tana nufin 'yar kyakkyawa. Duk wanda ya taɓa ɗora shi a tafin hannu ba zai yi musun sunan ba.

Faɗa-wuta kuma da rana tsaka?

Na san za ka ce ai faɗa-wuta da dare muka san shi, yana zagaya fitila ko aci-balbal har ya ƙone, sunan ma daga nan ya fito. Haka abin yake ga mafi yawansu. Amma faɗa-wuta da malam-buɗe-littafi dangi ɗaya ne, wato ƙwarin da fukafukansu ke lulluɓe da wani gari-gari mai laushi da ke manne wa yatsa in an kama su. An rubuta iri sama da 150,000 a wannan dangi, kuma kusan tara cikin goma faɗa-wuta ne. A taro mai yawa haka dole a samu waɗanda suka saɓa wa al'adar gida, suna yawonsu da hasken rana. Saboda haka lokacin tashi kaɗai ba ya raba gardama.

Abin da ke raba ta shi ne siraran ƙahonni biyu da ke goshin ƙwaron. Na malam-buɗe-littafi suna ƙarewa da ɗan kumburi a baki, kamar kan tsinken ashana. Na mafi yawan faɗa-wuta ba su da wannan kai: ko dai su tafi siriri har ƙarshe kamar zare, ko su yi gashi-gashi kamar gashin tsuntsu. Naka na zare ne. Sai kuma zama. Malam-buɗe-littafi yakan ɗaga fukafukansa sama da bayansa, yana buɗewa yana rufewa, abin da ya sa yara ke roƙonsa ya buɗe musu littafi. Naka kuwa ka ce naɗe su yake yi a jikinsa ya manne wa kara, ya zama siriri dogo. Da na karanta wannan jimlar ta wasiƙarka, rabin shakkata ta tafi.

Ga yadda yake in an duba shi da kyau. In ya buɗe fukafukai, faɗinsa santimita 3 zuwa 4 ne. In ya naɗe, bai fi gaɓar yatsa ɗaya tsawo ba. Fukafukan gaba sirara ne, farare ko launin madara, da ƙananan ɗigo baƙaƙe a jere, tsakaninsu kuma ɗigo ja da suka ɗan fi girma. Kai da ƙirji suna da ɗan rawaya da ɗigo baƙi. Fukafukan baya ba a ganinsu sai ya tashi ko an buɗe su da hannu: farare ne masu faɗi, da baƙin gefe marar daidaito. Shi ya sa in yana tashi daga nesa fari kawai ake gani, sai ya sauka adon ya bayyana. Tashinsa ba ƙarfi, ƙasa-ƙasa, taku goma ko ashirin ya faɗa cikin ciyawa, kamar dai yadda ka gani. Yakan zo wajen fitila da dare wani lokaci, bai bar halin gida gaba ɗaya ba.

Abincinsa da mazauninsa

Nan ne maganar take da daɗi, kuma nan ne mutane suka fi kuskure. Shi babban mai fukafukan ba ya tauna komai, ba shi ma da bakin tauna. Wani siririn bututu gare shi a naɗe ƙarƙashin kai, da shi yake zuƙar ruwan fure. In ana maganar abincin faɗa-wuta, abincin tsutsarsa ake nufi, domin ita ce mai cin ganye. Uwar kuma ba ta zuba ƙwai a ko'ina. Tana neman tsiron da 'ya'yanta za su iya ci, ta saka a ganyensa.

Tsutsar Utetheisa pulchella ta fi son tsirran gida ɗaya, masu ganye mai kaushi da gashi-gashi. Wanda muka fi sani a cikinsu shi ne karkashin ƙorama, wanda masana ke kira Heliotropium. Kada sunan ya ruɗe ka, ba karkashin miya ba ne, ba su ma haɗa dangi ba. Ana gane shi da furensa: ƙanana ne, farare ko masu ɗan shuɗi-shuɗi, a jere a gefe ɗaya na wani dogon tsinke da bakinsa ya lanƙwashe kamar wutsiyar kunama. Yana son bakin ƙorama, da gefen kududdufi, da ƙasar da ruwa ya kwanta ya janye. Yana da 'yan'uwa gajeru masu shimfiɗa a ƙasa, masu ganye toka-toka, da ke fitowa a jigawa da saura da gefen hanya. Akwai kuma wata ciyawa mai kaushi ta gida ɗaya, Trichodesma, ita ma tsutsar na cinta sosai a ƙasashen Afirka.

To ka dubi abin da ka rubuto: saura da ba a noma ba, da gangaren da ruwa ke kwanciya, ga shi damina ta ja baya. Ka ba ni adireshin karkashin ƙorama ne ba tare da ka sani ba. Ƙwaron ba gonarka ya zo ba, gefen gonarka ya zo, kuma ka gan shi cikin wake ne don furen wake ma yana da ruwan zaƙi, ko don ka tashe shi ya faɗa inda ya samu. Na sha bin gefen fadamun Haɗeja a irin wannan lokaci, Oktoba zuwa Nuwamba, kuma abin da na saba gani shi ne, inda waɗannan fararen suka yi yawa, in ka sunkuya ka ɗaga ganyen karkashin ƙorama za ka tarar da tsutsar. Ba ta da wuyar ganewa: toka-toka ce mai duhu, da ɗan gashi tsaye jefi-jefi, da farin layi a tsawon bayanta, da ɗan ratsin ruwan lemo a kowace gaɓa. Wasu za su kira ta gizaka saboda gashin, ko da yake gashinta bai kai na gizakar da muka sani kauri ba. In ta ƙoshi sai ta sauka ƙasa, ta saƙa wa kanta ɗan gida na zare cikin busassun ganye, ta kwanta a ciki har ta rikiɗe ta fito da fukafukai.

Wuraren da yake so ke nan duk inda yake a duniya: fili buɗaɗɗe mai rana, ƙasa busasshiya, ciyawa gajera. Ba ƙwaron kurmi ba ne. Ana samunsa a faɗin Afirka, da ƙasashen Larabawa, da kudancin Turai, har zuwa Indiya. Matafiyi ne kuma, duk da tashin nasa da ake rainawa. A wasu shekaru iskar kudu takan ɗauke shi har Ingila a watannin Satumba da Oktoba, inda masu sha'awar ƙwari ke murnar ganinsa a matsayin baƙo mai wuyar samu. Abin da kake takawa a saurarka, a can sai an yi sa'a.

Akwai inda maganata ta tsaya, kuma gara in faɗa. Yana da ɗan'uwa, Utetheisa lotrix, wanda shi ma yana Afirka, kuma kamarsu ta kai a ce an tsaga kara. Bambancin ɗigonsu ƙanƙane ne, ba abin da zan yanke daga wasiƙa ba, ko hoton waya ma ba kullum yake wadatarwa ba. Abin da ya fi saurin raba su shi ne tsiron da aka samu tsutsar a kai. Shi lotrix biya-rana yake ci, wadda wasu ke cewa birana, masana kuma Crotalaria: mai fure rawaya irin na wake, da kwanso kumburarre da ke kacau-kacau in ya bushe. Tsutsar kan ci ganyen, ta kuma huda kwanson ta ci 'ya'yan. In karkashin ƙorama ne a gefen gonarka, pulchella ne; in biya-rana ce ta cika wurin kuma tsutsar na kanta, sai hankali ya koma kan lotrix. Ga manomin wake dai duk hukuncinsu ɗaya.

Me ya sa yake ado haka, ba ya ɓuya?

Yawancin faɗa-wuta launin ƙasa ko na ɓawon itace gare su, don su saje da wuri tsuntsu ya wuce bai gani ba. Wannan kuwa ya sa fari da ja da baƙi ya fito da rana, yana tashi a hankali. Dalilin yana cikin abincin nan da muka ambata. Karkashin ƙorama da biya-rana, duk da ba gidansu ɗaya ba, suna ɗauke da guba iri ɗaya da suke kare kansu da ita daga masu cin ganye. Tsutsar wannan ƙwaro ta iya cin gubar ba ta cutu ba, ta kuma adana ta a jikinta, gubar ta bi ta har ta zama mai fukafukai. Tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana ɗaya ba ya marmarin na biyu, kuma adon shi ne tambarin da zai tuna da shi.

An yi bincike mai zurfi a kan wannan a Amurka, a kan ɗan'uwansu na can, Utetheisa ornatrix, wanda shi ma biya-rana yake ci. Thomas Eisner na Jami'ar Cornell da abokan aikinsa sun ga cewa in ƙwaron ya faɗa saƙar gizo-gizo, gizon yakan taɓa shi, sannan ya yanke zaren da ke riƙe da shi ya sake shi. Amma waɗanda aka rena da abincin da ba gubar a ciki, gizon cinye su yake yi. Sun kuma gano cewa namijin yana ba macen wani kaso na gubarsa lokacin barbara, ita kuma ta zuba a ƙwanta, sai ƙwan ya samu kariya daga ƙwarin da ke cin ƙwai. Har ƙamshin da namijin ke jan macen da shi, daga gubar yake haɗa shi. Na daɗe ina karanta halayen ƙwari, amma wannan yana cikin waɗanda har yau in na tuna sai na ce Allah mai iko. Ɗan abu kamar gaɓar yatsa, ga tsari a kansa tun daga ganye har ƙwai.

Taɓa shi da hannu ba ya cutarwa, ba ya harbi ba ya cizo. A dai hana ƙananan yara kai shi baki, a kuma wanke hannu.

Batun wake da feshi

Maƙwabcinka ba a banza ya tsorata ba, domin tsutsar wake gaskiya ce kuma uwarta faɗa-wuta ce. Amma wata ce daban, sunanta Maruca vitrata. Ita launin ƙasa ce, da wasu fararen tagogi a fukafukan gaba, na baya kuma fari-fari da gefe mai launin ƙasa. Ba ta da ja ko ɗigo ɗaya. In ta sauka shimfiɗa fukafukai take yi, ba ta naɗewa, kuma da dare take aikinta. Da rana tana maƙale a ƙarƙashin ganye sai an girgiza. Tsutsarta fara-fara ce mai ɗigo baƙi-baƙi bibbiyu a kowace gaɓa, ba gashi tsaye. Cikin fure take fara shiga, furen ya zube, daga baya ta huda kwanso, ta haɗa kwanso da kwanso ko da ganye da zare, ka ga kashinta a bakin ramin. In kana son sanin ko tana gonarka, kada ka dubi abin da ke tashi sama. Ka fita da safe, ka tsinki fure ashirin ko talatin daga sassa daban-daban na gonar, ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ka gani a ciki shi zai gaya maka ko lokacin feshi ya yi, kuma malamin gona na yankinku zai taimaka da irin maganin da adadinsa. Saboda ita wannan tsutsa ce Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin waken nan mai jure mata, SAMPEA 20-T, a ƙarshen 2019.

Akwai wani ƙarami kuma da ake yawan tasarwa da rana, musamman a lambu, Spoladea recurvalis. Bai kai naka girma ba, launin ƙasa ne mai duhu da farin ratsi a gicciye, yana zama da fukafukai a buɗe kamar alwatika. Shi kam abokin gabar mai alayyahu ne: tsutsarsa kore ce, tana naɗe ganyen alayyahu da rukuɓu da zare ta cinye. Na kawo shi ne don in wani ya ce maka ya ga ɗan faɗa-wuta da rana ya kuma yi masa ɓarna, kada ka ɗauka naka ne.

Na taɓa ɗebo tsutsar Utetheisa daga karkashin ƙorama na zuba a kwalba biyu, ɗaya da ganyen da na same ta a kai, ɗaya da ganyen wake sabon tsinka. Na kwalbar farko suka ci suka yi ƙiba. Na ta biyu suka yi ta zagaya kwalbar ba su kula ganyen ba, sai da na mayar musu da nasu. Feshin da za ka yi dominta ba zai ƙara maka ko tiya ɗaya ba. Zai dai kashe ƙudan zuma da sauran masu ziyartar fure, da gizo-gizo da ƙananan zanzaro da ke rage maka tsutsar waken ta gaske, ga kuɗin magani, ga shaƙar da mai feshin zai yi. Wuri ɗaya na san wannan gida na ƙwari ya zama abin damuwa: a Indiya, inda ake shuka wani irin biya-rana da gangan don igiya da kuma takin ƙasa. Wanda ya shuka biya-rana a nan don gyaran gona, shi ne zai sa ido a kansu.

Ciyawar ce abin lura

In akwai abin da zan so ka ɗauka da muhimmanci, to tsiron ne da ƙwaron ya nuna maka. Gubar da ke kare shi, hanta take lalatawa a jikin dabba da mutum, kuma a hankali take aiki, ta taru wata da watanni kafin a ga alama. Doki da saniya sun fi tumaki da awaki saurin kamuwa. A arewacin Ostareliya an daɗe da sanin wata cutar dawakai da cin biya-rana ke jawowa. A gundumar Gulran ta lardin Herat a Afganistan, a tsakiyar shekarun 1970, 'ya'yan wani irin Heliotropium sun gauraya da alkama bayan fari, mutane suka ci, cutar hanta ta kashe da yawa.

Dabba mai zaɓi ba ta cika cin waɗannan tsirrai ɗanye ba, ɗacinsu na korar ta. Haɗarin yana zuwa ne ta hanya biyu: da rani in kore ya ƙare sai su, da kuma in an yanke su cikin ciyawa ko harawa aka busar, domin bushewa ba ta kashe gubar, dabba kuma ba ta iya tsince su a dami. Ga ka da harawar wake a gaba. In za a yi yankan ciyawa a saurar nan ko a tattara harawa daga gefen gangaren, a tsince karkashin ƙorama da biya-rana a ware. Na san kuma ana amfani da karkashin ƙorama a maganin gargajiya. Ba na raina sanin iyayenmu, amma jiƙa shi a sha, balle a ɗura wa yaro ko mai juna biyu, abu ne da nake hana duk wanda ya tambaye ni.

In kana son ka tabbatar da idonka

Ka je gangaren da hantsi, ka nemi tsiron mai furen wutsiyar kunama ko mai kwanson kacau-kacau, ka duba saman ganye da ƙarƙashinsa. In ka samu tsutsar, ka ɗauki uku ko huɗu ka sa a kwalba ko roba mai faɗin baki, ka shimfiɗa 'yar busasshiyar ƙasa da ganye a gindin, ka rufe bakin da yankin gidan sauro ka ɗaure. A ajiye a inuwa inda tururuwa ba za ta kai ba, a riƙa sa sabon ganyen tsiron da aka same ta a kai kullum, a kwashe tsohon. In ta daina ci ta shige ƙarƙashin ganye, a ƙyale ta, ba mutuwa ta yi ba. A zafin ƙasarmu, cikin mako ɗaya zuwa biyu za ka wayi gari ka ga mai ɗigon ja da baƙi a manne da gidan sauron. Ka ba yaran wannan aiki, su da suka fara ba shi suna, kuma a kira maƙwabcin ranar da ya fito.

In kana da waya mai kyamara, ka ɗauki ƙwaron daga sama da kuma daga gefe, da tsinken ashana kusa da shi don a ga girmansa. Da sassafe ya fi sauƙi, kafin rana ta ɗumama shi. Ka ɗauki tsiron ma, da furensa da kwansonsa, ka rubuta rana da sunan garin. Za ka iya turo mini, ko ka ɗora a manhajar iNaturalist, inda masana ƙwari daga ƙasashe da yawa ke duba hotuna suna sa musu suna. Hotunan da ke fitowa daga yankinmu ba su da yawa a can, naka zai yi amfani. Da hoton tsiron a hannuna zan iya gaya maka ko pulchella ne ko lotrix da ƙarfin gwiwa fiye da na yau.